Me ke riƙe haƙorin ɗan zomo a muƙamuƙi, kuma yaya riƙon yake ginuwa?

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne mai karatun lafiyar dabbobi, kuma ina kiwon zomaye. An koya mana cewa haƙoran zomo ba su da saiwa irin tamu, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. To abin da ba shi da saiwa, kuma kullum yana tafiya, me ke riƙe shi a ƙashi har ya tauna ciyawa ba ya girgiɗa? Yaushe wannan riƙon yake samuwa a jikin ɗan zomo, kuma akwai abin da mai kiwo zai yi da zai inganta shi ko ya ɓata shi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka taɓo wurin da ya fi ɗaukar hankalina a bakin zomo, don haka ka yi haƙuri idan na tsawaita.

Ka fara da cire tunanin cewa saiwa ce ke riƙe haƙori. Ko a bakin mutum, haƙori ba ya taɓa ƙashi. Tsakaninsu akwai ɗan siririn fili, wanda a mutum faɗinsa bai kai rabin milimita ba, yawanci daga 0.15 zuwa 0.38, kuma cike yake da zaruruwan kolajin (wani furotin mai ƙarfi da jiki ke ɗaure sassansa da shi) da jijiyoyin jini da jijiyoyin ji. Wannan shi ne tantanin riƙo. Kowane zare bakinsa ɗaya yana binne a ƙashin gurbin haƙori, ɗaya bakin kuma yana binne a wani siririn ɓawo mai tauri da ke manne a jikin haƙorin, wanda ake kira simentum. Daga sama dasashi ya rufe wurin, ya hana ƙwayoyin cuta gangarawa. Wato a rataye haƙori yake. Aikin saiwa shi ne ba da filin da simentum zai kwanta zare ya kama. Idan aka samu wani filin na daban, riƙo zai samu ko babu saiwa, kuma hanyar da zomo ya bi ke nan.

A wurinmu ana gina wannan riƙon sau ɗaya ga kowane haƙori, a gama, sai gyare-gyare su biyo baya. A zomo ba a gamawa. Idan ka tsaga haƙorin zomo a tsaye ka sa shi a maikuroskof, a can gindi za ka ga abin da ake gani a ɗan tayi, ƙwayoyin halitta suna ta rabuwa ba su riga sun ɗauki sana'a ba. Ka ɗan hauro ka ga simentum ya fara kwanciya, a tsakiya ka ga riƙo cikakke, a sama kusa da dasashi kuma ka ga ana kwance shi. Matakan da a mutum suke bin juna cikin shekaru, a zomo suna jere a jikin haƙori guda a lokaci guda, daga yarinta har tsufa. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Zomanya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 31, kuma tun wajen ƙarshen mako na biyu alamun haƙora suke bayyana a muƙamuƙin ɗan tayi. Zomo yana yin haƙora sahu biyu kamar mu: na nono guda 16, na dindindin guda 28. A sama akwai manyan haƙoran gaba biyu da wasu ƙanana biyu a ɓoye a bayansu, a ƙasa na gaba biyu, babu fiƙa ko ɗaya, sai turame shida a kowane gefe na sama da biyar a kowane gefe na ƙasa. Famfarar zomo tana wucewa da sauri har yawancin masu kiwo ba su san yana yin ta ba. Wasu haƙoran nonon tun a ciki suke narkewa, sauran kuma suna zuba cikin makonnin farko, ta yadda wajen mako na biyar bakin ya koma na dindindin.

Kowane ƙullin haƙori a ɗan tayi kashi uku ne. Akwai ƙwayoyin shimfiɗar baki da suka nutsa cikin muƙamuƙi suka yi siffar ƙararrawa, su ne za su yi inamel, farin ɓawon da ya fi komai tauri a jiki. A cikin ƙararrawar akwai wani curin ƙwayoyi da zai yi dentin, wato ainihin jikin haƙori mai tauri da ke ƙarƙashin inamel, da ɓargon haƙori. Na uku kuma wata jaka ce ta ƙwayoyi da ta lulluɓe su duka biyun. Wannan jakar ita ce uwar riƙo. Ita da curin ciki asalinsu ɗaya, ƙwayoyi ne da suka yi ƙaura tun farkon ciki daga gefen bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka, suka zo suka zauna a fuska. A farkon shekarun 1970, A. R. Ten Cate da abokan aikinsa a Kanada sun ciro ƙullin haƙoran 'ya'yan ɓera, suka yi wa ƙwayoyinsu alama, suka dasa su a wani wuri na jiki inda babu muƙamuƙi. Haƙoran suka ci gaba da girma, suka yi simentum, suka yi tantanin riƙo, har da ƙashi a kewayensu. Daga nan aka tabbatar cewa haƙori da kayan riƙonsa yake zuwa. Bangon gurbin da zaruruwa ke shiga ma daga zuriyar jakar yake, shi ya sa idan haƙori ya fita, wannan ƙashin yakan narke a hankali.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma ɗan zomo yana da duka biyun a bakinsa a makonnin farko. Turamen nononsa suna bin hanyar da haƙoranmu ke bi. Idan an gama gina kan haƙori, bakin ƙararrawar nan sai ya daina yin inamel, ya miƙe ƙasa a matsayin wani siririn kube mai falle biyu, wanda Oscar Hertwig na Jamus ya fara bayyanawa a 1874. Kuben ne ke zana siffar saiwa, ya sa ƙwayoyin ciki su zuba dentin. Da dentin ya kwanta sai kuben ya tsattsage, ƙwayoyin jaka su kutsa ta ramukan su taɓa dentin, su fara zuba simentum. Guntattakin kuben ba sa ɓacewa duka, suna zama tsibi-tsibi a cikin tantanin riƙo, ana kiransu da sunan Malassez, Bafaranshen da ya yi bayaninsu a ƙarni na 19. A ɗan zomo wannan ginin bai daɗe ba ake rushe shi. Haƙorin dindindin yana tasowa daga ƙasa, ƙwayoyi masu cin ƙashi da dentin su cinye saiwar, zaruruwa su warware, ɗan kan da ya rage ya faɗo.

Haƙoran dindindin su ne abin kallo. A gindinsu bakin ƙararrawar ba ya rufewa, ba ya komawa kuben saiwa ya ƙare. Yana zama matsira, inda ƙwayoyin asali ke zaune suna haihuwar sababbin masu yin inamel da dentin muddin rai. Saboda haka abin da ke binne a muƙamuƙin zomo, wanda mutane ke kira saiwa, kan haƙori ne da ke jiran lokacin fitowarsa, da inamel ɗinsa da komai. Nan matsala ta taso. Zaren kolajin ba ya iya shiga inamel, domin inamel kusan ma'adini ne zalla, ba shi da kolajin, kuma ƙwayoyin da suka gina shi suna lulluɓe da shi. A mutum wannan lulluɓin yana nan har haƙori ya huda dasashi, yana kare inamel daga ƙwayoyin jaka. A turamen zomo kuwa, da inamel ya gama nuna a can cikin gurbi, sai lulluɓin ya lalace ya janye tun haƙori bai kusa fitowa ba. Ƙwayoyin jaka su sami hanya, su taɓa inamel tsirara, su kwantar da simentum a kansa, zaruruwa su kama. Listgarten da Kamin sun bi wannan mataki-mataki a turamen zomo da maikuroskof mai aiki da lantarki a 1969. Doki da saniya ma suna da simentum a kan inamel, amma nasu haƙoran suna yin saiwa daga baya su tsaya, na zomo ba sa tsayawa.

Simentum a turmin zomo yana da aiki na biyu. Inamel ɗin turmi yana naɗewa ciki, ya yi wani lungu mai zurfi da ya ratsa haƙorin, simentum ne ke cike wannan lungun. Da yake inamel ya fi dentin da simentum tauri, idan ana tauna su biyun sukan riga shi cinyewa, sai inamel ya tsaya a matsayin kaifafan tudu masu yanka ciyawa. Simentum ɗin da ya riƙe haƙori lokacin da yake cikin ƙashi, shi ne yake taya shi aiki bayan ya fito. A haƙoran gaba kuma inamel ya fi kauri ta fuskar leɓe, kuma mafi ƙarfin riƙon yana gefuna da baya. Wannan bambancin kauri ne ke sa bakin haƙorin ya riƙa wasa kansa.

Zaruruwan ba a miƙe suke farawa ba. Da farko filin da ke tsakanin haƙori da ƙashi cike yake da masaƙan zare, ƙwayoyin da ke ƙera kolajin, da wasu siraran zaruruwa da suka kwanta tare da tsawon haƙori babu tsari. Sai gajerun zaruruwa su fara tsirowa daga fuskar simentum a cunkushe, wasu masu kauri su tsiro daga fuskar ƙashi a warwatse. Kowane ɓangare yana ƙara tsawo har su haɗu a tsakiya su sarƙe. Yayin da simentum da ƙashi ke ƙara kauri, sai su binne bakunan zaruruwan, bakunan su sha ma'adini su taurare. Waɗannan binnannun bakuna su ne zaruruwan Sharpey, da sunan William Sharpey na Sikotilan. Mafi yawan zaren kolajin ne nau'i na ɗaya, sai nau'i na uku yana biye. Akwai kuma wasu siraran zaruruwa masu ɗan talewa, oksitalan, da Fullmer da Lillie suka gano a 1958, waɗanda ke bin tsawon haƙori kusa da jijiyoyin jini.

Tsarin da kake gani a littafi, inda zaruruwa suka karkata daga ƙashi suna gangarawa zuwa haƙori, ba ya kammala sai haƙori ya fara aiki. Karkatar tana da hikima. Idan zomo ya danna haƙori, haƙorin ya ɗan nutsa, sai zaruruwan su miƙe su ja bangon gurbi. Ƙashi kuwa idan ana jansa yana ƙaruwa, idan ana matsa shi yana narkewa. Da wannan tsarin nauyin tauna ya zama abin gina gurbi. Haƙorin da ba ya gamuwa da abokin taunarsa, tantaninsa yakan sirance, zaruruwansa su rasa tsari.

Ƙashin gurbi shi ma ba zaune yake yana jira ba. Jakar haƙori ce ke ba shi umarni: ta sama tana aika saƙonnin da ke kiran maciya ƙashi su buɗe hanya, ta ƙasa da gefe tana sa magina ƙashi su cike. Cahill da Marks sun nuna haka a karnuka. A 1980 suka cire jakar, haƙori ya ƙi fitowa. A 1984 suka bar jakar suka musanya haƙorin da na ƙarfe, na ƙarfen ya taso. A zomo kansa akwai shaida mai ƙarfi. Louise Pearce da Wade Brown a Amurka sun bayyana wata cutar gado a 1948 wadda ke hana narkewar ƙashi a 'ya'yan zomo, ƙashinsu ya cushe, haƙoransu su makara ko su lalace. Ka tuna kuma cewa muƙamuƙin ɗan zomo yana tsawo da faɗi da sauri a watannin farko, haƙoran suna ƙara kauri da tsawo. Dole gurbi ya riƙa faɗaɗa yana gusawa, ana ci ta nan ana gini ta can, kuma duk zaren da ke wurin da aka ci sai an sake dasa shi.

Yanzu ga ainihin tambayarka, yadda ake riƙe abin da ke tafiya. Haƙoran gaba na sama suna tsiro kimanin milimita 2 a mako, na ƙasa kimanin 2.4, wato santimita 10 zuwa 12 a shekara. Cikin 'yan watanni haƙorin ya sabunta gaba ɗaya. Da zaren da ya kama haƙori a gindi zai ci gaba da riƙe ƙashi a wurin da ya fara, da ya tsinke ko ya tsayar da haƙorin. Harry Sicher ya lura tun 1923, a turamen ɓeran masar, cewa akwai wani yanki a tsakiyar tantanin da zaruruwa ba su miƙe ɗaya ba, ya ce a nan ake kwancewa ana ɗaurawa. An daɗe ana gardama kan ko wannan yankin saƙa ce ta musamman ko yadda aka yanka naman ne ya nuna shi haka. Amma binciken Beertsen na Holan a haƙoran gaban ɓera, a shekarun 1970, ya nuna cewa tantanin kashi biyu ne. Rabin da ke manne da haƙori yana tafiya sama tare da shi, da ƙwayoyinsa da zaruruwansa. Rabin da ke manne da ƙashi, inda yawancin jijiyoyin jini da na ji suke, yana tsaye. A kan iyakarsu masaƙan zare suna haɗiye tsohon kolajin su narkar da shi, suna ƙera sabo.

Ka dubi mai jan guga a rijiya. Igiya tana tafiya, amma babu lokacin da ta kuɓuce, domin hannu ɗaya ba ya saki sai ɗaya ya kama. Haka abin yake a nan, sai dai hannayen ba su ƙirguwa, kuma a kowane lokaci kaɗan ne daga cikinsu suke a sake. Shi ya sa kolajin na tantanin riƙo yana cikin masu saurin sabuntawa a duk jiki, a ƙananan dabbobi cikin kwanaki kaɗan ake musanya babban kasonsa. Idan ɓangaren haƙori ya iso bakin gurbi, sai a warware zaruruwansa kwatakwata, ya ratsa ta wani zoben ƙwayoyin dasashi da ke manne da haƙori, wanda shi ma yake sabunta manninsa yayin da haƙorin ke zamewa ta cikinsa. A ganina wannan zoben ne wurin da ya fi rauni a duk tsarin, domin da haƙori ya fara girgiɗa ko ya karkace, tazara takan buɗe a nan, ciyawa ta cusa, ƙwayoyin cuta su bi ta su gangara har gindi.

Me ke tura haƙorin sama? Mutum zai zaci sabon haƙorin da ake ginawa a gindi ne ke ture na gabansa. Zomo ne ya taimaka aka gane abin ya wuce haka. A. R. Ness a Ingila ya nuna a 1956 cewa idan aka gajarta haƙorin gaba na ƙasa ta yadda ba ya gamuwa da na sama, saurin fitowarsa yakan ƙaru sosai. Wato ƙarfin tauna birki ne, kuma tsiron yana bin yawan cinyewa. A 1974 Moxham da Berkovitz suka yanke haƙorin gaban zomo biyu a cikin ƙashi, suka raba shi da matsirarsa, amma guntun sama ya ci gaba da fitowa. Ƙarfin turawar ashe a tantanin riƙo yake. Masana sun kasu kan yadda yake yi, wasu na ganin masaƙan zare ne ke jan haƙorin yayin da suke tafiya, wasu na ganin matsin jini da ruwan nama ne ke ɗaga shi, kuma an ga magungunan da ke canza hawan jini suna canza motsin haƙorin zomo. Ni na fi karkata ga cewa duka biyun suna aiki tare. Ko ma wanne ne, tantanin da ke riƙe haƙori shi ne kuma ke fito da shi, don haka duk abin da ya taɓa lafiyarsa zai taɓa tsayuwar haƙori da saurin tsironsa da inda ya dosa.

Akwai wani abin da ɗalibai kan wuce ba su tambaya ba. Tantani mai laushi yana tsakanin abubuwa biyu masu shan ma'adini, me ya hana shi ma ya taurare? Ƙwayoyinsa suna riƙe da wani sinadari, fairofosfet, da ke hana ma'adini kwanciya, a fuskar simentum da ƙashi kuma akwai wani inzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, da ke karya shi don ma'adini ya kwanta a nan kaɗai. Idan inzayim ɗin ya yi ƙaranci simentum ba ya samuwa da kyau, haƙori ya faɗo da saiwarsa, kamar yadda ake gani a wata cutar gado a yara. Idan kuma tantanin ya mutu a wani wuri, ƙashi ya haɗe da haƙori, haƙorin ya kafe. A mutum wannan damuwa ce. A zomo ta fi haka muni, domin gindi yana ci gaba da gini alhali sama ta toshe.

Mu dawo kan abin da ke hannunka. Matakan farko, na cikin ciki da na makon farko, gado ne da lafiyar uwa ke tafiyar da su, iyakar naka ka ciyar da zomanya da kyau lokacin ciki da shayarwa. Ɗan zomo yana buɗe ido wajen kwana 10, yana fara ɗan gutsurar abinci tsakanin mako na biyu da na uku, ana yaye shi daga mako na huɗu zuwa na shida. Ka lura wannan lokacin ya zo daidai da zubar haƙoran nono da fara aikin turamen dindindin. A waɗannan makonnin ne zaruruwa ke ɗaukar tsarinsu, bangon gurbi ke kauri. Muƙamuƙin zomo na ƙasa ya fi na sama ƙunci, don haka sai ya kai shi gefe turame suke haɗuwa, kuma idan yana cin ciyawa yakan yi wannan niƙan har sau 120 a minti. Dunƙulallen abinci da hatsi kuwa murƙushe su yake yi sama da ƙasa, ya gama da wuri. Matthew Ravosa da abokan aikinsa a Amurka sun yi renon zomaye daga yaye a kan abinci mai wuyar tauna da mai sauƙi, suka ga ƙashin muƙamuƙin masu tauna da yawa ya fi kauri da ƙarfi. Saboda haka busasshiyar ciyawa mai kyau ta kasance a gabansu tun ranar da suka fara leƙowa daga sheƙa, kada a jira yaye.

Sai ma'adini. Dabbar da ke ƙera santimita goma na kowane haƙorin gaba a shekara, ga turame 22, ga ƙasusuwa masu girma, tana bukatar kalsiyam ba yankewa. Zomo yana tsotsar kalsiyam daga hanji gwargwadon abin da ya ci, ya zubar da rarar ta fitsari, shi ya sa fitsarinsa yake da farin gari. Chapin da Smith sun gano a 1967 cewa kashi 0.22 cikin ɗari na kalsiyam a abinci ya isa ɗan zomo ya yi girma, amma ƙashinsa ba ya cika tauri sai an kai wajen 0.35 zuwa 0.4. Wannan ya kamata ya tsaya wa mai kiwo a rai, domin zomo yana iya yin ƙiba, sikeli ya nuna komai lafiya, alhali bangon gurbin haƙoransa yana da rauni. Hatsi yana da fosfaras da yawa da kalsiyam kaɗan, kuma idan aka ba zomo gauraye yakan tsince hatsin ya bar sauran. Ganyen dangin wake irin alfalfa yana da kalsiyam sosai, ya dace da masu girma da masu shayarwa, amma a rage shi ga manya don kada mafitsara ta cika da laka. Hasken rana yana ba su bitamin D, wanda amfaninsa ke ƙaruwa idan kalsiyam ɗin abinci ya yi ƙasa. Bitamin C kuwa, duk da kolajin ba ya ƙulluwa sai da shi, zomo yana ƙera nasa a hanta. Ɓeran masar ne ba ya iyawa, shi ne haƙoransa ke girgiɗa idan ya rasa shi.

Likitocin dabbobi biyu a Ingila sun shahara da bambancin fahimta kan ciwon haƙoran zomo. Frances Harcourt-Brown ta ɗora nauyin a kan ƙarancin kalsiyam da bitamin D, ta nuna cewa alamar farko a hoton ƙashi ita ce dusashewar farin layin da ke kewaye da gurbi, da nutsewar gindin haƙori cikin ƙashin da ya yi laushi. David Crossley ya fi ɗora shi a kan rashin isasshen tauna, haƙora su yi tsawo su danni juna, matsin ya koma gindi. Ni ban ga dalilin zaɓar ɗaya ba, domin abincin da ke jawo na farko shi ne ke jawo na biyu, kuma duka biyun a tantanin riƙo da gurbi suke haɗuwa. Gyaran ma ɗaya ne, ciyawa ta zama mafi yawan abincin.

Ka saba da duba bakin 'ya'yanka tun suna mako uku zuwa huɗu, ka sake dubawa a mako na takwas zuwa na goma. Haƙoran gaba na ƙasa ya kamata su kwanta a bayan manyan na sama, su taɓa ƙananan nan biyu. Idan sun yi baki da baki ko sun wuce gaba a wannan shekarun, yawanci gado ne, muƙamuƙin sama ne ya gajarta, kuma ya fi yawa a ƙananan jinsuna masu gajeren kai. Abinci ba ya gyara wannan, kuma bai kamata a bar irin wannan zomo ko iyayensa cikin masu haihuwa ba. Ka kuma riƙa shafa ƙasan muƙamuƙi da yatsa, ya kamata ka ji shi sumul. Ƙulli-ƙulli a wurin alama ce gindin turame ya fara tura ƙashi. Ido mai yawan hawaye ma sau da yawa daga haƙori ne, domin bututun hawaye yana wucewa dab da gindin haƙorin gaba na sama, idan gindin ya nutsa sai ya matse shi.

Idan haƙori ya yi tsawo, don Allah kada ka datse shi da filaya ko abin yankan farce. Ƙarfin datsewar yana girgiza tantanin riƙo, yana iya tsaga haƙorin a tsaye har cikin gurbi, ya buɗe ɓargo, ya raunata matsira. Daga nan sai kumburi mai mugunya, mugunyar zomo kuma kauri gare ta, ba ta tsiyayewa, sai an yi tiyata an kwashe. Da injin goge haƙori ake rage shi. Idan kuma cirewa ta kama, za ka ji ƙarfin wannan riƙon da hannunka, domin sai ka bi kowane gefe da siririn ƙarfe mai lanƙwasa irin ta haƙorin, ka yanke zaruruwan a hankali har ƙasa, kafin ya yarda ya fito ba tare da ya karye ba. Bayan ya fito ka duba gindinsa, ka tabbata naman matsira ya biyo shi ko ka lalata wanda ya rage a gurbin, in ba haka ba cikin 'yan makonni sabon haƙori zai tsiro da sabon simentum da sababbin zaruruwa, kuma sau da yawa a karkace.